Ƙarfen da Ba Ya Yin Ja a Wuta

Yau idan jantin mota ya lanƙwashe a Tawa, mai motar zai kai shi wurin samarin da ke da injin matsi, su ɗora, su ja hannun inji, kafin ya shanye kofin shayi an miƙo masa abinsa. In ma ya ƙi gyaruwa, ga shaguna nan cike da sababbi da na hannu. Shi ya sa nake jin wasunku, ku samarin yanzu, suna cewa wannan ba sana'a ba ce, bugu ne kawai. A shekarun casa'in babu injin matsi ko ɗaya a garin nan, babu kuma shagon da za ka shiga ka zaɓa. Abin da ke ƙarƙashin motarka shi kaɗai ne naka. In ya mutu, motar ta mutu tare da shi.

Janti shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa, wanda mutanen Kano ke ce wa wili. Iri biyu ne. Akwai na baƙin ƙarfe, wanda kowane mai faci zai daka da guduma ya miƙe ko a sanyaye. Akwai kuma na alminiyam, fari, mara nauyi, mai kyan gani, wanda ya fara shigo mana da yawa tare da tsofaffin kat-kat da ake saukewa a Kwatano, motocin nan masu ja da ƙafa huɗu. Don kwaltar Turai aka yi shi. Mu kuwa ƙasarmu ta Adar dutse ce. Direba zai rage iskar taya don ya ƙetare rairayin kwari, ya hau tudu bai ƙara ba, sai ya ci karo da dutsen da ke kwance rabinsa a binne. Leɓen janti ya shige ciki, iska ta fara zurarewa. Ya kai wa mai faci, mai faci ya ɗaga guduma kamar yadda ya saba, bugu biyu janti ya tsage.

Ban koyi wannan aiki a gida ba. Na bar Tawa bayan girbi kamar sauran samarin Adar, sai dai ni damina ta zo ban dawo ba. Na yi faci a Abijan, na wuce Kumasi, daga baya na yi Sabha da Tamanrasat. Kowane gari da halinsa a kan janti. A Abijan sauri suke, su buga a sanyaye, in ya tsage su liƙe da walda su shafe da fenti, mai mota ya tafi yana godiya bai san me ya ɗauka ba. A Sabha lokacin kuɗi ya yi musu yawa, jefarwa suke su sa sabo. A Tamanrasat na ga wani tsoho yana binne janti mai zafi a cikin yashi don ya huce a hankali, na ɗauki wannan na riƙe. Amma ainihin aikin a Kumasi na same shi, wurin wani Ba'asante da muke kira Wofa Kwaku, wato kawu Kwaku a harshensu.

Wofa Kwaku bai bar ni na taɓa wuta ba sai da na daɗe ƙwarai a rumfarsa. Aikina wankin janti ne da juya shi. Yana da tsohuwar cibiyar ƙafar mota da ya kafa a siminti. Ka ɗaura janti a kai, ka juya da hannun hagu, ka riƙe alli da dama ba ka motsi. Inda janti ya kumbura, alli zai taɓa ya bar zane. Inda ya shige, ya bar wurin ba zane. In na ce na gama, sai ya zo ya juya sau ɗaya ya nuna mini wani wurin da ban gani ba, ya ce da ni da Hausarsa ta zango: "Aboki, ido naka yana barci."

Ranar da ya ba ni wuta ce ya faɗa mini abin da dukan sana'ar ta rataya a kansa. Baƙin ƙarfe yana gaya maka halin da yake ciki. Zai yi ja-ja, ya yi ja, ya yi ruwan lemo, kana gani kana sanin lokacin bugu. Alminiyam ba ya yin haka. Fari yake a sanyi, fari yake da zafi, fari yake a daidai lokacin da zai zube. Saboda haka sai ka goga masa sabulun wanki a wurin da za ka gasa. Sabulu ne zai canza launi a madadinsa: rawaya, ruwan ƙasa, sannan baƙi. Da ya yi baƙi ka janye wuta. Ƙarfen ya yi laushin da zai karɓi matsi, bai kai ga narkewa ba. Tsakanin wannan da wancan ɗan taƙi ne.

Na dawo Tawa a lokacin da ake babban taron ƙasa, kowa kunnensa na jikin rediyo. Na kafa rumfa a bayan tasha. Kayan aikina ba su da yawa: cibiyar ƙafa a siminti irin ta Kumasi, kirik, wato jak, na babbar mota da na sa a cikin firam da aka yanko daga shasin wata matacciya, shalimo, wato bututun hura wuta, da tukunyar gas ɗinsa, guntayen itacen aduwa da na sassaƙa daidai da lanƙwasar leɓen janti, rabin duro na ruwa, alli, kananzir, sabulu. Guduma tana nan, amma ba ta taɓa jikin alminiyam kai tsaye, kullum da itace a tsakani.

Da farko direbobin ayyukan raya karkara ne masu zuwa, su faka a bayan rumfa inda shugabansu ba zai hango ba. Da jam'iyyu suka fito, sai aiki ya buɗe. Motocin yaƙin neman zaɓe da lasifika a kai suna tsere daga ƙauye zuwa ƙauye, kowa na son ya riga wani isa, duwatsu kuwa ba su da jam'iyya. Na sha ganin direbobin ɓangarori biyu a kan bencina ɗaya, jiya sun zagi juna ta lasifika, yau suna raba goro suna jiran janti ya huce.

Sai shekarar da darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi. Duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka kuɗi a kwana ɗaya. Ma'aikata suna wata da watanni ba albashi. Arewa kuma ba lafiya, ana tawaye, ana tare hanya, kat-kat ce ma aka fi ƙwacewa. Mai son zuwa can sai ya jira ayari ya bi da rakiyar soja. A wannan shekarar ko gas ɗin shalimo da lissafi nake kunna shi. A cikinta ne kuma na yi aikin da har yau na fi alfahari da shi.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Wata kat-kat ta shigo a karkace, ƙafar baya ta dama tana neman zama. Mai ita Agali ne, wani Buzu daga arewacin Abalak, na san shi. Raƙumansa ya sayar ya sayi motar, yana ɗaukar mutane da buhunan hatsi zuwa rugagensu. Ya sauko da famfon hannu a hammata, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Ta ɗaya ƙofar kuma wani dattijo ya sauko, gajere, mai faɗin kafaɗa, yana jan wani buhu. Da ganin tabon wuta a damatsansa na san maƙeri ne. Maƙera da Buzaye abokan wasa ne tun kakanni, don haka ban yi mamakin yadda suka buɗe baki ba.

"Amidi," in ji Agali, haka yake kirana, wato aboki da harshensu, "ga maƙeri na kawo maka daga Barmu, ka koya mishi aiki."

"Rabu da shi, ɗana," in ji dattijon. "Wa ya aiki Buzu da mota? Da ya tsaya ga raƙumi, raƙumi ba shi da janti."

"Kai ko mi ka gani sai ka sa wuta. Da ɗana na ba ka riƙo, da ka hura mishi zugazugi."

Sunan dattijon Bawa. Ya kwance bakin buhu ya fito da janti. Gefe ɗaya lafiya lau, ɗaya gefen ya zauna ya daskare kamar kitsen da ya narke ya kwana. Sai Agali ya ba ni labari. Janti biyu ya lanƙwasa a tafiya ɗaya kusa da Barmu. Na farko ya cire ya sa na ajiya, bai yi nisa ba ya sake cin wani dutse da ƙafar baya. Da ya shiga gari sai ya kai jantin farko maƙerar Bawa, don kowa a yankin ya san babu ƙarfen da ya gagare shi.

"Na sa shi ga wuta yadda ubana ya koya mini," in ji Bawa. "Ina zuga, ina jiran shi yi ja. Bai yi ba. Na ƙara gawayi. Ina duba, ina duba, sai na ga gehe guda ya zauna awa man shanu ga rana. Tun da nike ban taɓa ganin ƙarhen da ke mutuwa bai yi magana ba."

Na ce masa ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ya tashi a maƙera haka zai yi, don jan wuta suka gada. Na tambaye shi me ya taso shi har Tawa a ranar da ya kamata yana kasuwa da laujensa da gatura.

"Abin da ya lalace cikin maƙerata ba ni barin shi ga hanya," ya ce. "In motar wanga Buzu ta zauna, ni na zaunar da ita."

Nan wasa ya tsaya. Agali ya juya yana kallon motarsa.

Ga yadda lamarin yake. Jantocin wannan mota masu ramin noti biyar ne, alhali kusan duk kat-kat da ke Tawa masu rami shida ne. Na san babu irinsu a garin nan, babu a Ƙonni, sai an aika Kwatano, kuma a shekarar nan ko an samo Agali ba shi da sauran raƙumin sayarwa. Ɗaya ya narke, babu na ajiya. Saura huɗu, ɗaya a lanƙwashe. In wannan ya tsage a hannuna, an jingine motar a kan duwatsu ba ƙafa ke nan, shi kuma ya rasa raƙuma ya rasa mota. Ayarin arewa kuwa washegari zai tashi.

Na cire tayar na wanke jantin. Lanƙwasar ta kai faɗin tafin hannu, ta shige da zurfi, har da wani ɗan ƙulli a kan leɓe. Na ce da Agali: "Zan duba tukuna. In akwai tsaga ba ni taɓa shi."

"In akwai, ka liƙe da walda mana. Wa za ya gani?"

"Dutsen Adar za ya gani. Kana ɗauke da mutane da hatsi bisa tudu, walda ta buɗe, mi za ka ce ma iyalansu?"

Na shafa kananzir a wurin, na bar shi ya shiga, na goge tas, na barbaɗa garin alli. In akwai tsaga ko siririya kamar gashi, kananzir zai fito ta ciki ya ja baƙin layi a kan alli. Alli ya tsaya fari. Bawa ya ce in ba shi. Ya rataya jantin da igiya, ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙarsa, ya kara kunne har ƙarar ta mutu. Ya sake a wani wuri. "Lahiya lau shike," ya ce. Ban taɓa ganin mai kunne irin nasa ba, ko a Kumasi.

Na goga sabulu, na kunna shalimo. Ta baya ake gasawa, ana yawo da harshen wutar, ba a tsayar da shi wuri ɗaya. Bawa ya durƙusa kusa da ni har ina jin numfashinsa. Sabulu ya yi rawaya, ya yi ruwan ƙasa, ya yi baƙi. Na kashe.

"Ka kashe?" ya ce. "Ko ɗumi bai yi ba!"

Na tsinci kara a ƙasa na ɗora a kan farin ƙarfen. Nan take ya yi hayaƙi ya ƙone. Dattijon ya ja da baya yana salati.

Na sa jantin a firam, itace sama itace ƙasa, na fara ɗaga kirik. Kaɗan ake yi, a saki, a duba, a sake. Alminiyam ba ya son a tilasta masa, kuma ba ya son a yi ta gasa shi, don kowane gashi yana rage masa ƙarfi. Babbar lanƙwasar ta fito a hankali. Na kai shi kan cibiya na juya, alli ya nuna saura ƙullin nan na leɓe, inda kan kirik ba ya samun wurin zama. Wannan sai guduma. Amma ina bukatar hannayena biyu su riƙe itace a daidai kusurwa, in ji yadda ƙarfen ke motsi a ƙarƙashinsa. Dole wani ya buga.

Agali ya miƙo hannu.

"Kai?" in ji Bawa. "Hannun da bai san komi ba sai zuba shayi? Kauce."

Mutumin da ya narkar da janti ɗaya ne ke neman guduma a kan na ƙarshe. Na dubi Agali, don kayansa ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce: "Ba shi. In ya kashe wanga ma, sai shi goya ni zuwa Abalak."

Na sake ɗumama wurin. Bawa ya auna gudumar a hannu ya tambaye ni nauyin da nake so. Na ce kamar yana gyara bakin lauje, ba kamar yana buɗe gatari ba. Ya gyaɗa kai. Ya fara. Ku da kuke cewa bugu ne kawai, da kun ga wannan bugun. Kowane ɗaya daidai yake da na bayansa, ba ƙari ba ragi. In na ce "ƙara kaɗan", kaɗan ɗin yake ƙarawa. Ina jin ƙullin yana kwanciya a ƙarƙashin tafina. Na buɗe baki zan ce ya isa, guduma ta riga ta taso.

Ƙas!

Agali ya zauna a ƙasa daɓas, ya ja rawaninsa ya rufe har idanu. Na ɗaga itacen, ya rabe biyu a hannuna. To amma tsagewar itace ba ta nuna ƙarfe ya tsira ba, sau da yawa tare suke tafiya. Ba a kuma sa kananzir a ƙarfe mai zafi, ba a zuba masa ruwa. Na haƙa yashi a inuwa na binne shi. Babu abin yi sai jira.

Muka yi azahar. Agali ya dafa shayi, ba wanda ya tsokani wani. Bawa ya karɓi kofinsa ya ajiye a gefe bai sha ba, idonsa na kan tudun yashin. Masu kawo faci suna zuwa ina sallamarsu. Da la'asar ta yi na tona, na taɓa, ya huce.

Bawa ya riga ni ɗauka. Ya rataya shi, ya ƙwanƙwasa. Ƙarar ta tashi siririya, ta yi tsawo, ta yi tsawo, ba ta karye ba. Ya miƙo mini. Na yi gwajin kananzir, alli ya tsaya fari. Na ɗaura a cibiya na juya, alli ya zagaye leɓen da layi ɗaya ba yankewa. Na mayar da taya, na ba ta iska, na nutsa a duro. Mu uku muka sunkuya a kan ruwan. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta taso ba.

Agali ya sauke rawani. "Maƙeri," ya ce, "na yahe maka rabi."

"Rabin da ya saura ka kai ma raƙuman da ka sayar," in ji Bawa. Sannan ya ɗauki shayinsa da ya huce ya shanye, ya ce bai yi sukari ba.

Duk da haka ban sake shi haka nan ba. Na sa wa tayar shambur, wato tub, a ciki don ko leɓen ya sake motsi iska ba za ta gudu ba. Na ce jantin ya zauna a baya, kada ya taɓa komawa gaba inda sitiyari yake, kuma ya daina tara buhu a wannan gefen. Ya bi ayari washegari ba shi da na ajiya, sai shambur biyu da ƙarafan cire taya. Ya je, ya dawo, ya sake komawa. Sai bayan watanni wani mai zuwa Kwatano ya samo masa na biyar. Motar nan ta yi ta aiki har aka yi sulhu a arewa, hanya ta buɗe, kuma jantin da muka gyara yana ƙarƙashinta ranar da ya sayar da ita.

Bawa ya koma Barmu a motar kasuwa. Na yi masa tayin in koya masa aikin gaba ɗaya, ya ƙi. Ya ce shi ƙarfen da ke amsa masa ya sani, a kansa zai ƙare. Amma bai ɓoye abin da ya same shi ba. Duk kasuwar da ya ci, daga Barmu har Bambai, sai ya tara 'yan'uwansa maƙera ya faɗa musu da bakinsa cewa akwai ƙarfen da ba ya yin ja, wanda aka kawo wa kada ya sa a wuta, ya aika Tawa bayan tasha. Maganar dattijo irinsa ba a musa ta. Jantoci suka fara zuwa mini a kan amalanken jaki da rufin motocin kasuwa, wani da sunan mai shi a rubuce da gawayi. Aiki ya fi ƙarfin hannuna, na ɗauki masu koyo, na fara su da wanki da alli kamar yadda aka fara ni. Wasu daga cikinsu su ne iyayen gidanku yanzu, su suka sayi injunan da kuke ja.

Injin yana da kyau, da ina da shi a lokacin da na yi murna. Ƙarfi yake ba ku, ba ya ganin tsaga, ba ya jin zafin ƙarfe. Wannan har yanzu aikin mutum ne.

Kafin shekarar nan, jantin alminiyam da ya lanƙwashe a Adar kayan masu narka tukwane ne. Bayanta gyaransa ya zama sana'a mai zaman kanta a Tawa, da rumfunanta da masu koyonta, kuma maƙeran ƙauye ba su sake sa shi a wutarsu ba.